Inci Huɗu da Gwiwar Kaka

"...lafiya lau, ya gajiya? A gado ka kwana, ko jiya ma ba a samu mai ɗora ka ba?"

"A gado na kwana, Kaka. Ke fa, haƙorin nan naki guda ɗaya ya tashi lafiya, ko kaɗaici ya hana shi barci?"

"Ɗaya ne tamkar da dubu. Buɗe min ƙofa, Guntu, in hannunka ya kai."

Haka Kaka da jikanta suke gaisawa tun ranar da bakinsa ya buɗe. Yanzu shekarunsa talatin da biyu, yana da mata da 'ya'ya uku da farar a-kori-kura da yake kwaso ƙwai da ita daga gonakin kaji, duk unguwa Mai Ƙwai ake ce masa. Kaka kaɗai ke kiransa Guntu, kuma tsakani da Allah ba sharri ta yi masa ba, don in yana tuƙi hularsa kawai ake hangowa.

"Yau fa Litinin ce," in ji shi, yana duban mayafinta da jakarta. "Ko tsufa ya fara cinye miki kwanaki?"

"Na san Litinin ce. Matarka ta ce gareji za ka, wai za a ƙara wa motar tsawo tunda kai an kasa ƙara maka. Na ce ba za a yi wannan abin kallo ba ni ba."

Abin da ba ta faɗa ba shi ne, tun da ta ji labarin nan hankalinta bai kwanta ba. Duk Talata Guntu ke kai ta wurin Yaya, yayarta da idanu suka tafi, can bayan gonakin kaji inda ƙananan motoci ba sa yarda su shiga. Yaya ce kaɗai ta rage a duniya mai ce mata "ke yarinyar nan". Ita kuwa Kaka ta san gwiwarta ta dama fiye da yadda likita ya san ta: tana kai ƙafa bakin ƙofar motar nan ne da ƙyar, da addu'a, da riƙon hannun ƙofa. In aka ɗaga motar, Talata ta ƙare.

Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga murya kamar yadda ta saba don kada a ji nishinta. "Wannan kujera warin kashin kaji take yi!" Kafin ya ba ta amsa ta riga ta zauna.

Garejin rumfar kwano ce mai faɗi, ƙasarta ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai. A gefe an tara tayoyi har sun fi mutum tsawo, rediyo na rataye da waya a jikin ginshiƙi, ga wata tsohuwar kujerar mota da aka cire aka ajiye don baƙi, soso ya leƙo ta kowane ɗinki. Bakaniken dattijo ne mai gilashin da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya goge hannu a tsumma ya durƙusa ya gaida Kaka, sannan ya jera ƙarafa kashi uku a kan wani buhu.

"Ga su nan, Mai Ƙwai. Wannan ƙaramin zobba biyu ne, a kan sifirin na gaba ake ɗora su. Ka ga motarka gabanta ya sunkuya, bayanta ya tashi? To zai ɗaga gaban inci biyu ta daidaita. Wannan na tsakiya, sai an canza sifirin gaba da baya, mota ta tashi inci huɗu. Wannan babban kuma inci shida."

"Shida nake so," in ji Guntu.

"Ka ji ko?" Kaka ta ce wa bakaniken, tana gyara zama a kujerar baƙi. "Tun yana goye yake miƙa wuya. Da akwai mai inci sittin da shi zai ce."

"Kaka, in na hau shida, ruwan jibi ma daga yau zan hango shi. Masu jirgin sama za su riƙa ɗaga min hannu."

"Za su ɗaga maka hannu su ce wa ya bar yaro a kan rufi. Kai, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, balle ya hau a-kori-kura."

"Me kika hango? Ke da jiya kika gaida tulin yashi kika tambaye shi ya iyali?"

"Ya fi ka ladabi, bai katse min magana ba. Abin da na hango shi ne, ƙwan da ya saba da sama shaho yake ƙyanƙyashewa. Za ka kai wa mai shago kiret talatin, da safe ya buɗe ƙofa su sure masa yara."

"Sai in koma sayar da shaho. Ya fi riba."

"Kowa ya hau motar kwaɗayi a tashar wulaƙanci zai sauka. Ɗana," ta juya ga bakaniken, "ni ga shawara. Ɗaga gefensa inci shida, ka bar gefena yadda yake. Kowa ya samu abin da yake so."

Bakaniken ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Mama, ai a karkace za ta riƙa tafiya kamar kaguwa."

"To shi mai ita a miƙe yake tafiya? Dubi tafiyarsa."

"Ƙwan duka zai gangaro gefenki," in ji Guntu.

"Sai in buɗe jaka. Shekara nawa ina auren mai ƙwai, ko fasasshe bai taɓa kawo min ba."

"Wa ya aure ki? Ni da nake neman mai haƙora?"

"Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nema."

Dariyar da mai waldan da ke maƙwabtaka da garejin ya yi ce ta sa aka san ya kashe injinsa ya matso. Wani ƙato ne mai baƙin gilashi a goshi, ya jingina da ginshiƙi ya ce shi yau ya tashi daga aiki.

Bakaniken nan yana da wata ɗabi'a da duk masu mota suka san shi da ita: ba ya kwance ko ƙusa ɗaya sai mai mota ya ga tsawon da idonsa. Yana da katakai masu kauri, kowanne inci biyu cif. Sai ya shimfiɗa su gaban tayoyi huɗu, a hau da motar kansu, mutum ya tsaya a ƙasa ya gwada shiga. Katako ɗaya inci biyu, biyu huɗu, uku shida. Ya ce ya gaji da masu dawowa bayan mako suna cewa matarsu ta yi yaji saboda mota.

Kaka ba ta yi tsammanin wannan ba. Ta zo ne da niyyar ta kashe maganar da baki, don a baki ba a taɓa kayar da ita ba. Ba ta san gwiwa za a tambaya ba.

Aka fara da shida, don Guntu ya nace. Mai walda ya jawo katakai, aka jera uku-uku, motar ta hau tana gurnani ta tsaya can sama. Guntu ya diro, ya ja da baya taku biyar, ya tofa yawu a tafi, ya sheƙo da gudu ya yi tsalle ɗaya sai ga shi a kujera. Ya leƙo da kai ta taga.

"Kaka! Kina jina daga ƙasa? Ya yanayi a wurinku?"

"Wa ke magana? Ɗana, hula ce ke magana a motar nan?"

"Zo ki gwada mana, amarya."

"Ba na gwada abin da mahaukaci zai saya. Ni da na hau bishiyar dabino da uwarka a baya, tulu a kai, na sauko ko ɗigo bai zuba ba?"

"Wancan karon kin ce raƙumi ne."

"Raƙumin yana kan dabinon."

Bakaniken ya dafa gefen motar ya girgiza ta. "Mai Ƙwai, in gaya maka gaskiya, shida ba taka ba ce. Mota in ta yi tsawo haka, a kwana rawa take yi. Mai ɗaukar yashi ba ruwansa, amma kai kafin ka kai kasuwa kayanka sun zama ruwa."

"Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki," in ji Kaka da sauri. "A cire, a cire. A sa masa ƙaramin, daidai shi."

Aka sauko da motar, aka bar katako ɗaya-ɗaya. Kaka ta miƙe, ta gyara zani, ta nufi ƙofa kamar mai zuwa karɓar kyauta. Ta kama hannun ƙofa, ta ɗaga ƙafa, ta yi ihu, "Wa ya bar ɓawon ayaba a nan!" Gwiwar ta yi ƙara kamar an karya kara, amma ta shiga. Ta zauna tana haki a ɓoye, zuciyarta fari tas.

"Kun gani? Inci biyu, mota ta daidaita, ta daina sunkuyar da kai kamar mai ita in matarsa na faɗa. A ɗaura, mu tafi."

Amma bakaniken sai ya kwanta a kan kwali ya shige ƙarƙashin motar, ya daɗe, ya fito yana kaɗa kai. Ya kira Guntu ya nuna masa.

"Ka ga nan? Duk cikinta a kankare yake, har tankin mai ya loma. Wace hanya kake bi?"

"Ta gonakin kaji. Manyan motoci sun haƙe gefe biyu, tsakiya ya yi tudu."

"To inci biyu gaba kawai zai ɗaga, cikin yana nan inda yake. Yanzu ma da rani tana goga. In ruwa ya zauna ramukan suka ƙara zurfi, wallahi a kan tudun nan za ta zauna tayoyi na juyawa a iska. Huɗu hanyar nan take so, ba ƙasa da haka ba."

Kaka ta ji kowace kalma. Hanyar nan ita ce hanyar gidan Yaya, babu wata. In an sa biyu, motar ba za ta kai ba. In an sa huɗu, ita ce ba za ta kai motar ba. Ta sauko a hankali, ta koma kujerar baƙi tana kallo ana ƙara katako na biyu.

"Shiru, amarya?" in ji Guntu. "Ko haƙorin ya faɗi?"

"Ina tausaya wa katakon ne."

"To bismillah. Mai hawan raƙumi a kan dabino, ga inci huɗu."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta tashi ta je. Ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa, yatsunta suka taɓa ƙarfen suka zame.

"Zanin nan ne. Matarka ta ɗaura min shi kamar za a kai ni kasuwa a sayar."

Ta sassauta zani, ta sake ɗagawa. Ƙafar ta tsaya a iska tana rawa, saura kamar faɗin yatsa uku.

"Takalmin ne. Wa ya ce ka sayo min takalmi mai nauyin turmi?"

Ta cire takalmin ta ajiye. Ta kama ƙofa da hannu biyu, ta cije leɓe, ta ja da duk ƙarfin da shekaru saba'in da takwas suka bar mata. Ƙafar ta tashi, ta tsaya inda ta tsaya ɗazu, ta dawo ƙasa kan baƙin mai. Babu sauran abin da za ta ɗora wa laifi. Rediyon da ke ginshiƙi kaɗai ke magana.

"Ba ta kai ba," ta ce.

Mai walda ya sosa ƙeya. "Mama, ai abu ne mai sauƙi. Sai in yi miki ɗan matakala a gefenki, ƙarfe ɗaya ne, yanzu-yanzu..."

"Ka yi wa uwarka." Ta faɗa ba da wasa ba, kuma kowa ya ji bambancin. "Matakala a gefe ɗaya, duk inda motar ta wuce a ce ga ta tsohuwar da ta ƙare? Ban kai nan ba."

"To ni sai in riƙa ɗaukar ki," in ji Guntu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ranar da aka ɗauke ni, a makara ne." Ta sunkuya ta ɗauki takalminta, ba ta dubi kowa ba. "Sa huɗun, sana'arka ce, da ita kake ciyar da yara. Gobe in ka wuce ka tsaya ka gaya wa Yaya ina gaishe ta. Ka ce mata mura nake yi. Wani makon ka ce ciwon kai. Daga nan za ta gane da kanta, ba ta da idanu amma ba wawiya ba ce."

Baƙin ciki ne ya cika ta, da kunya, da haushin wannan gwiwa da ta yi mata hidima shekara da shekaru ta zo ta ci amanarta a gaban bakanike. Ta juya za ta koma kujera, sai ta ji Guntu ya yi gyaran murya.

"Ku dakata tukuna. Ni ban gwada huɗun ba."

"Kai da ka haye shida?" in ji bakaniken.

"Wancan da gudu ne. Mutum zai riƙa gudu kullum? In na tsaya a bakin shago, ina filin gudu?"

Ya zagaya gefensa, ya kama ƙofa, ya ɗaga ƙafa kamar faɗin tafi daga ƙasa, ya yi wani nishi da ya sa karen garejin ya tashi ya bar wurin. Ya sake ɗagawa, ya zame, ya rungumi ƙofa yana lilo da ita, ƙafafu na harbin iska. A karo na uku ya saki ƙofar ya faɗi zaune daɓas a cikin tiren tsohon mai, hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma Guntu ya naɗe ta har da igiya.

"Wayyo tsawona!" ya yi kuka yana dukan cinya. "Jama'a ku shaida, yau na yarda. Shekara talatin da biyu tsohuwar nan tana faɗa ina musu. Ni guntu ne! Guntun gaske! Mai walda, ka rufa min asiri ka yi min matakala, in ba haka ba sai dai in riƙa bin motata a ƙasa."

Mai walda ya sauke baƙin gilashinsa kan ido don kada a ga abin da fuskarsa ke yi. "A gefenka kawai?"

"Kana son a yi min dariya a gari? Mota da matakala gefe ɗaya kamar mai takalmi ɗaya? Ka yi biyu, iri ɗaya, kowa ya ɗauka haka kamfani ya ƙero ta. Wancan gefen ko ba mai takawa, a bar shi don ado."

Kaka ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu tana kallon jikanta, magidanci mai 'ya'ya uku, zaune cikin baƙin mai har ƙugu. Ta san ƙarya yake yi, ya san ta sani, bakanike da mai walda da karen ma sun sani. Ta rasa kuka za ta yi ko dariya, sai dariyar ta riga fitowa, ta yi ta yi har ta dafa motar, haƙorin nan ɗaya yana haskawa, hawaye na bin kumatunta.

"Kun ji da bakinsa ko? Ɗana, ka ji? A rubuta a jikin motar!"

"Na faɗa, ba zan ƙara ba."

"Sau ɗaya ya ishe ni, gobe Yaya za ta ji shi sau goma." Ta share ido da bakin mayafi. "To tunda lalurarka ce, ba zan hana a taimaki nakasasshe ba. A yi masa. In na ga dama ma na riƙa takawa, don kada ya ji kunya shi kaɗai."

Mai walda ya ciro abin awo daga aljihu ya nufi Guntu. "Tashi in auna ƙafarka, in san inda zan kafa ta."

"Kai, bar shi, zai shafa maka mai," in ji Kaka. Ta kama ƙofar motar, ta ɗaga ƙafarta ta dama daidai inda ba ta jin zafi, ta tsayar da ita a nan. "Zo ka auna tawa. Ai tsawonmu ɗaya."